Ƙafar Fiyanon Adda Albertine

Duk wanda ya taɓa bi ta layin teloli a babbar kasuwar Garwa ya san Albertine, in bai san sunanta ba ya san muryarta. Ita ce matar nan mai keken ɗinki na hannu, wadda keken guragunta ke ajiye a bakin rumfa. In ka kawo mata ɗinki ka fara da "ayya, baiwar Allah", to ka naɗe yadinka ka yi gaba, don ko za ka kwana a wurin ba za ta ɗinka ba. Zagi ba ya damunta, ta iya ramawa. Tausayi ne ba ta ɗauka.

A wani ƙauye kan duwatsun Mokolo aka haife ta. Tana shekara huɗu shan-inna ya kama ta ya tafi da ƙafafun duka biyu. Uwarta ta goyo ta zuwa Garwa neman magani, maganin bai samu ba, ita kuma ta ƙi komawa kan dutse da yarinyar da ba za ta iya hawa ba. Sai ta sami ɗaki a gidan Alhaji Isa mai goro, Bahaushen da kakansa ya zo daga Kano da fatauci ya zauna. A tsakar gidan nan Albertine ta tashi tana jan gindi cikin 'ya'yan gida, ana ci da ita, ana dambe da ita. Fulatanci ta tsinta a titi, Faransanci a makaranta, amma in rai ya ɓaci Hausa ce ke fitowa.

Tana 'yar shekara sha shida aka kawo wani ƙaramin fiyano mai batir cocinsu da ke unguwar Yelwa. Ba wanda ya iya shi. Aka bar shi a kan benci yana shan ƙura, ita kuma da yake a tsayin benci take rayuwa, sai ga shi daidai hannunta. Ba wanda ya koya mata, da kunne ta koya, tana dannawa tana ɓatawa har yatsun suka san hanya. Daga baya aka sami mai wuta, shi ma a kan benci. Shekara ashirin da bakwai ke nan, ba Lahadi, ba aure, ba jana'iza da aka yi a cocin nan ba da hannunta ba. Matan koral, wato ƙungiyar mawaƙa, ba sa buɗe baki sai ta gyaɗa musu kai.

To, a bana ne wani ɗan cocin da ke aiki a Duwala ya aiko da kyauta: sabon fiyano dogo, da ƙafar ƙarfe mai hawa biyu ta ɗora fiyano bisa fiyano. Irin mai gicciyayyun ƙarafan nan ce kamar buɗaɗɗen almakashi, tana da huji-huji da ƙusa a tsakiya, a ɗaga ko a sauke yadda ake so. A daidai lokacin kuma aka turo wani malamin makaranta Garwa, sunansa Thierry, wanda ya yi kiɗa a Yawunde. A tsaye yake kaɗawa, yana rausaya kafaɗa. Kuma kada a ci amanar gaskiya, mutumin ya iya. Albertine ma da ta ji shi sai da ta ce, "Kai, yaron nan yana da hannu." Aka shirya za su riƙa karɓa-karɓa.

Lahadin farko Thierry ya ɗaga ƙafar daidai cibiyarsa. Daɓen cocin kuwa ba daidai yake ba, ana tsakiyar waƙa ƙarfen ya yi girgiɗi, fiyanon sama ya zame saura kaɗan ya sha ƙasa. Papa Émile, shugaban kwamitin coci, tsohon jandarma ne, wato ɗan sandan soja, mai ritaya, har yau tafiyar fareti yake yi. Washegari bai shawarci kowa ba, ya sa aka ɗauki ƙarfen zuwa wurin wani mai walda na bakin titi.

Sai wanda ya zauna a garin nan zai gane abin da ya biyo baya. A Garwa duk ƙarfen da ke motsi, a wurinmu ya lalace ne. Kujera ta yi ƙara, a like. Ƙofa ta yi rawa, a like. Mai waldar ya ga ƙusa tana shiga tana fita, ya ga hannuwan sama suna lanƙwasawa, ya ce lallai Turawan nan ba su gama aikinsu ba. Ya bi gaɓa-gaɓa ya narke musu ƙarfe, har huji-hujin da ba a taɓa amfani da su ba ya toshe, wai don ƙwari. Ƙafa ta dawo coci a sandare, daidai tsayin Thierry.

Ko da gangan Papa Émile ya yi, ko kuskure ne, Allah masani. Abin da kowa ya gani shi ne kuskuren ya yi masa daɗi, don tun zuwan Thierry yake cewa kiɗan cocinsu ya zama irin na manyan birane. Saura mako biyu bikin godiyar girbi, ranar da mutane ke kawo buhunan dawa da gyaɗa da kaji gaban bagadi, baƙi su zo daga cocin Pitowa da na Gidar. Kwamiti ya yanke cewa ranar za a ɗora fiyano biyun duka a kan sabuwar ƙafa. Benci ya zama fanko.

Lahadin da ta biyo, bayan sujada, Papa Émile ya sami Albertine a bakin ƙofa tana ƙoƙarin hawa kekenta.

"'Yar'uwa Albertine," in ji shi, "kin ga yadda abin ya zo. Ba mu ba ne, ƙarfen ne. Ba ya sauka."

"Da yana sauka ai, Papa."

"Da ke nan. Yanzu kam sai mai tsayuwa. Amma mun tuna da ke, za ki zauna a sahun gaba ki riƙe caki. Kin sha wahala shekara da shekaru, ki huta mana."

Caki! Matar da ta kaɗa wa Papa Émile ɗin nan kansa a auren 'ya'yansa uku da jana'izar matarsa, ita za a miƙa wa ƙwarya da duwatsu. Ta murza kekenta ta koma gida, ta rufe ɗaki ta yi kuka, kukan da rabonta da shi tun rasuwar uwarta. Ba korar ce ta fi ƙona mata rai ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne an kore ta kuma ba wanda ya kore ta, kowa ya wanke hannunsa ya jingina wa ƙarfe.

Ranar Litinin ta rufe rumfa da wuri ta zaga shagunan masu lasifika da kayan kiɗa. Uku ta shiga, ko'ina irin mai almakashin nan ce. A shago na ƙarshe ta sa aka sauke mata ɗaya har ƙasa, ta ja kujera ta gwada. Ashe irin wannan in an sauke ta buɗewa take yi ta yi faɗi, gicciyen kuma ya tsaya daidai inda gwiwa za ta shiga. Mai ƙafa zai iya karkacewa ya lallaɓa, ita kuwa ƙafafunta inda aka ajiye su nan suke zama. Mai shagon ya ce mata da Fulatanci, "Walaa, Madam," wato babu. Ta ce ta ji, ta gode.

Talata da tsakar rana, lokacin da zafin Garwa ke korar kowa inuwa, ta nufi coci. Makullin ɗakin kaya yana hannunta tun kafin a naɗa Papa Émile shugaba. Ta auna kujerar da take zama a kai da tef ɗinta na ɗinki, ta auna tsawo da faɗin fiyano biyun, ta rubuta a bayan hannunta. Sannan ta ja ƙarfen nan a ƙasa, tana ja tana hutawa, har bakin ƙofa, ta ɗaure shi a bayan keke da ƙyallayen atamfa. Da yake ba ya naɗewa, sai ya fito dama da hagu kamar ƙahon bijimi. 'Yan acaɓa suna kauce mata suna tsiya: "Madam, eriya ce? Tana kama tashar waje?" Ta ce, "Tana kama marasa kunya, ga shi ta kama ka."

Wurin Abdussalam ta nufa, can kan hanyar gadar Binuwai. Shi ne autan Alhaji Isa, wanda ya ƙi cinikin goro ya kama walda, kuma shi ya ƙera mata keken da take kai. Ta girme shi da shekara shida, ta sha ba shi koko a baki yana ƙarami, don haka har yau Adda yake ce mata, yadda ake kiran babbar 'yar'uwa a nan.

Ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa ya zagaya ƙarfen sau biyu. "Inna lillahi! Adda, wane mugun ne ya yi wa abin mutane haka?"

"Ɗan'uwanka ne a sana'a. Duk halinku ɗaya."

"A'a, ni kam ban da ni. Me kike so a yi? In rage masa ƙafa?"

"Rage ƙafa ba ya yi, na gwada irinsa jiya. Gicciyen nan nake so ya fita gaba ɗaya. Ka yi mini ginshiƙi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne da faffaɗan tafi a ƙasa don kada ya yi rawa, tsakiya kuma a buɗe, kujerata ta shige."

Abdussalam ya sosa ƙeya. "Adda, kayan coci ne fa. Sun san kin ɗauko?"

"Za su sani."

Ya dube ta, ya ga idon nan da ya sani tun yana yaro, sai ya jawo injin yanka.

Kwana uku suka yi a kai, don wuta tana zuwa tana ɗaukewa. Ita ce mai awo, shi ne mai ƙarfe. Ta sa ya nemo kujera daidai tsayin ta coci, ta zauna, ya riƙe mata katako a matsayin fiyano yana ɗagawa yana saukewa. In ya yi sama kafaɗunta su ɗage, ta ce kafin a gama waƙa biyu wuya zai riƙe. In ya yi ƙasa wuyan hannu ya karye. Sai da gwiwar hannunta ta kwanta daidai, tafin ya miƙe sak, sannan ta ce, "Nan. Sa alli."

Hawa na sama ne ya ba su wuya. Hannuwan tsohon ƙarfen ya yanko ya gyara, ya mayar musu da notin da ake kwancewa. Da ya kai su baya, ta miƙa hannu ba ta kai ba, don mai ƙafa yana dogara ƙafarsa ya ranƙwafa, ita kuwa in ta ranƙwafa faɗuwa za ta yi. Da ya matso da su gaba, sai suka rufe maɓallan fiyanon ƙasa, ba ta ganin inda za ta canza murya. Sau uku ana kwancewa ana ɗaurawa. A ƙarshe suka bar tsakani na kamu ɗaya da yatsa biyu, suka sunkuyar da na saman kaɗan ya dube ta. Ya yanko tsohon tub na babur ya naɗe hannuwan don kada fiyano ya zame, ya lanƙwasa bakinsu ya zama matari. A tafin ginshiƙi ɗaya ya sa noti mai juyawa saboda daɓen cocin da ba daidai ba.

Kowane ginshiƙi bututu biyu ne, siriri a cikin kakkaura. Ranar Alhamis da yamma komai ya zauna daidai alli. Abdussalam ya sauke gilashinsa, ya ɗauko sandar walda ya nufi mahaɗin bututun.

"Kai! Abdu! Me za ka yi?"

"In like mana, Adda. Ga tsayinki ya fita. In na kama shi nan, ko jikanki ya gaji abin nan."

"Ka ga abin da nake faɗa? Duk halinku ɗaya! Ajiye sandar nan kafin in kwaɗa maka katakon nan."

Ya ɗage gilashin yana mamaki. "To ai gata nake miki. In na like shi a nan, dogon malamin nan ba shi da ta yi, sai dai ya durƙusa. Yadda suka yi miki ki yi musu."

Maganar ta shige ta, don ita ma ta raya hakan a ranta ba sau ɗaya ba. Ta dubi tartsatsin da ke mutuwa a ƙasa.

"Thierry bai yi mini komai ba," in ji ta. "Kuma in ka like, gobe su ce ƙarfen Albertine ba ya hawa, su sayo wani. Huda za ka yi. Huji tara kowane gefe, tun daga cinyata har cibiyar dogon, da ƙusa biyu masu kauri da hannu zai iya zarewa. Ina so ya hau, ina so ya sauka. Ranar da za su kore ni, su buɗe baki su kore ni, ina kallonsu."

Abdussalam ya girgiza kai ya ce, "Allah ya shirye ki, Adda." Ya ajiye sandar ya ɗauko abin huji.

Kafin nan labari ya riga ya kai. Papa Émile ya buga mata waya har sau huɗu, a na biyar ta ɗauka. Ya ce kayan coci ya ɓata. Ta ce bai ɓata ba, yana wurinta, zai dawo ranar Asabar lokacin gwajin waƙa. Ya fara maganar doka da horo, ta ce masa tana da ɗinki a gabanta.

Asabar, jajiberin biki, koral ta cika maƙil, har waɗanda ba sa zuwa gwaji sun zo, don an ji za a yi ta. Abdussalam ya kawo ƙafar a kan amalanke, ya shafe ta da baƙin fenti tana ƙyalli. Ya shigar da ita, ya juya notin tafin har ta zauna daram, ya gaida mutane, ya ce la'asar ta yi, ya tafi abinsa.

Papa Émile ya zagaya ƙafar, hannu a baya. Fuskar nan ta haɗe.

"Wa ya ba ki izinin yanka kayan coci?"

"Wanda ya ba ka izinin like shi, Papa."

Wata daga cikin matan ta ce "Uhm!" ta rufe baki da gyale. Albertine ta riga ta sauka daga keke ta hau kujerarta. Ta san in abin ya juye yau, ba caki kaɗai ba, har makullin sai an karɓe. Amma muryarta ba ta nuna tsoro ba.

"Thierry, zo ka kama mini nan."

"To, Tanti." Ya zo ya riƙe saman da hannu biyu. Ta zare ƙusoshin.

"Ɗaga." Ya ɗaga har cibiyarsa, huji ya hau kan huji. "Kun gani? Tsayinsa ke nan. Sauke." Ya sauke. "Ga na mai zama. To tsaya a tsakiya."

Sai ta miƙa wa Papa Émile ƙusoshin biyu a tafin hannunta. Bai san lokacin da ya karɓa ba.

"Papa, ka ce ba ku ba ne, ƙarfe ne. To ga ƙarfe ya bar taurin kai, inda aka ce ya tsaya nan zai tsaya. Kai ne shugaba. Sa ƙusa inda kake so. In sama ka sa, wallahi ba zan ce uffan ba, zan hau kekena in tafi. Amma da hannunka za ka sa, a gaban matan nan."

Papa Émile ya dubi ƙusoshin, ya dubi Thierry ko zai cece shi, Thierry ya mayar da ido kan rufin kwano. Ya dubi matan koral, ya ga ido arba'in a kansa, cikinsu har da 'yarsa ta fari. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ba da oda ya tsaya yana juya ƙusa a hannu kamar ta yi zafi.

"Papa," in ji Thierry a hankali, "abin nan fa da nauyi."

Tsohon ya ja dogon numfashi. Ya dafa benci, ya sauke gwiwa ɗaya ƙasa, gwiwar ta yi ƙara kowa ya ji. Ya ce wa Thierry, "Sauke." Thierry ya sauke. "Ƙara." Ya ƙara, har bututun ya kai ƙarshe. A huji na can ƙasa ya cusa ƙusa, ya ja jiki zuwa ɗaya gefen ya cusa ta biyu, ya miƙe da ƙyar yana kakkaɓe wando, bai dubi kowa ba.

Matan suka fara guɗa. Albertine ta ɗaga musu hannu suka yi shiru. Ta sa aka tura kujerarta ciki, ƙarfen ya zauna mata a kan cinya. Ta ɗora hannu a inda fiyano zai zauna, ta ɗaga, ta sake ɗorawa.

"Papa Émile."

Ya juyo.

"Ya yi ƙasa da yawa. Ƙafa ce ba ni da ita, amma ni ba yarinya ba ce. Ƙara huji biyu."

Wani a baya ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari. Papa Émile ya tsaya cak. Thierry ya matsa zai karɓi aikin, Albertine ta ce, "A'a, ɗana, kai riƙe sama. Shi ya fara."

Tsohon ya sake dafa benci, ya sake durƙusawa a gabanta. Ya zare ƙusa, ya ƙirga huji da yatsa, ɗaya, biyu, ya mayar. Da ya gama gefe na biyu bai tashi ba, ya ɗago kai, fuskarsa daidai tata, ya tambaya da muryar da ba a san shi da ita ba:

"Ya yi, 'yar'uwa?"

Ta gwada da hannu, ba ta yi sauri ba.

"Ya yi," in ji ta. "A ɗora fiyano."